SARAUNIYA AMINA TA ZAZZAU: MACEN DA BURI YA HANA TA ZAMAN GIDA

Galibin goron da ake rabawa wajen ɗaurin aure ko zanen suna a unguwar Gwange ta birnin Maiduguri daga Kurmi yake fitowa. 'Yan Arewa mazauna Shagamu da Agege da Sabon Badun su ne ke sayensa daga hannun manoma, su wanke, su zaɓe, su ɗaure huhu, su ɗora a mota. Da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa cikin wannan hidima ya tambayi kansa ko wa ya fara samun goro a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ba da amsa, ya ce mace ce, watau Sarauniya Amina ta Zazzau.

Sunan nan ba baƙo ba ne ga kowa. Amma abin da yawancin mutane suka sani game da ita bai wuce abu biyu ba, ta yi yaƙi kamar namiji, ta kuma ƙi aure. To, wace irin mace ce wannan? Me ya raba ta da gidan ubanta har ta shekara 34 bisa doki, ta je ta mutu a ƙasar wasu? Masu karatu, musamman waɗanda neman abinci ya kai su nesa da gida, za su ga akwai abin dubawa cikin labarinta.

INDA LABARINTA YA FITO

Littafi mafi tsufa da ya kawo sunan Amina shi ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta cikin 1812, tun bai zama Sarkin Musulmi ba. Bello ya nuna cewa ita 'yar Sarkin Zazzau ce, ta ci ƙasashe da yaƙi har Katsina da Kano suka riƙa kai mata gandu, ta yaƙi garuruwan Bauci, mulkinta ya kai bakin babban ruwa ta kudu da yamma, sa'an nan ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara.

Na biyu shi ne Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci wajen ƙarshen ƙarni na 19, wani Bature mai suna Palmer kuma ya juya shi zuwa Turanci cikin 1908. Wannan littafi ya ce Amina ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana biyanta gandu. Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Ita ce ta fara mallakar babanni da goro a ƙasar Hausa, a zamaninta ne kuma kayan ƙasashen yamma suka shigo. Yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34.

Littattafan nan biyu sun yarda a kan ƙarfinta, amma batun zamanin da ta rayu akwai saɓani tsakanin masana. Tarihin Kano ya sa ta cikin zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Mutanen Zazzau kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, shi kuwa Bakwa jerin sarakunan Zazzau ya sa shi na 22, wajen 1536. Tsakanin lissafin biyu akwai fiye da shekara ɗari. Littattafan makaranta sun fi bin na biyun, suna cewa an haife ta wajen 1533, ta karɓi mulki cikin 1576, ta rasu cikin 1610. Daɗin daɗawa, sunanta ba ya cikin jerin sarakunan Haɓe na Zazzau, tun daga Gunguma har zuwa Makau. Saboda haka ne waɗansu masana suke ganin ba a taɓa naɗa mata rawani ba, ta dai riƙe rundunar yaƙi da ikon ƙasa yayin da wani yake zaune a fada. Har shi kansa Bakwa akwai masu cewa mace ce, watau uwar Amina ke nan. Sauran abin da ake faɗi game da ƙuruciyarta da halinta daga bakin tsofaffi da mawaƙa aka samo shi, kuma da wannan idon ya kamata a dube shi.

ƘASAR DA TA HAIFE TA

Cikin Hausa Bakwai, Zazzau ce ta fi kowace kudu. Tatsuniyar asalin Hausawa ta raba wa kowace ƙasa aikinta. Kano da Rano aka ba su baba da rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi, Zazzau kuwa aka ba ta sarautar bayi, domin ita ce ke maƙwabtaka da ƙabilun duwatsu da dazuzzuka inda ake kai hari. Ban da wannan, duk fataken da suka taso daga Kano ko Katsina za su Nufe da hayin Kwara, sai sun ratsa ƙasar Zazzau. Dawaki da gishiri da kanwa suna gangarawa kudu, bayi da tufafi da goro suna haurowa arewa. Wanda ya riƙe wannan hanya ya riƙe arzikin ƙasashe da dama. Duk ɗan sarautar da ya tashi a Zazzau da wayonsa ya san haka.

A lokacin nan fadar ƙasar tana Turunku, kudu da Zariya ta yanzu, cikin ƙasar Igabi. An ce ƙarancin ruwa da ƙuncin wuri ne suka sa aka tashi aka koma gindin dutsen Kufena, aka kafa sabon birni, aka sa masa sunan ƙanwar Amina, watau Zariya. Ita Zariyar ma an ce ba ta zauna ba, ta yi yamma ta ƙare kwananta a Yawuri.

Mace mai iko ba sabon abu ba ce a wancan zamani. Kafin zuwan Bayajida, mata ne ke sarautar Daura, ta ƙarshensu ita ce Daurama. A fadojin Haɓe akwai sarautun mata irin su Magajiya da Iya, masu bayinsu da garuruwansu da ta cewa cikin sha'anin mulki. A Barno kuwa uwar Mai, wadda ake kira Magira, ba mai ƙetare maganarta. Abin da ya bambanta Amina shi ne ba ta tsaya ga ikon cikin gida ba, ta nemi na fagen fama, wanda maza suka ɗauka nasu ne su kaɗai.

ƘURUCIYA DA ƘIN AURE

Masu ba da labari sun ce tun tana 'yar ƙanƙanuwa ba ta rabuwa da kakanta, Sarkin Zazzau Nohir. Yakan ɗauke ta ya zauna da ita a fada, tana jin yadda ake shari'a da yadda ake shawarar yaƙi. An ce wata rana kakarta ta tarar da ita riƙe da wuƙa, irin riƙon da barade ke yi, ba irin na yarinya mai wasa ba. Da ta kai shekara 16 aka naɗa ta Magajiya, aka ba ta kuyangi 40.

Daga nan fa masu neman aure suka yi ta zuwa. An ce har Sarkin Kano ya aiko da bayi maza da mata da buhunan tufafi farare da baƙaƙe. Duk ta ce ba ta so. Mutane sukan ɗauki wannan a kan girman kai, amma wanda ya san al'adar gidan sarauta zai ga akwai lissafi a ciki. 'Yar sarki in ta yi aure, gidan miji take tarewa. Da Amina ta karɓi kayan Kano, da ta zama ɗaya daga cikin matan wani sarki a wani gari, a bayan katanga, ba ta da sauran hannu cikin al'amarin Zazzau. Ta duba ta ga aure da mulki ba za su haɗu mata ba, ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Wannan zaɓi shi ne mabuɗin rayuwarta duka, domin shi ya ba ta ɗaukaka, shi kuma ya bar ta ba magaji.

Sarauta ba ta zo mata da wuri ba. Bisa lissafin Zazzau, ɗan'uwanta Karama ne ya hau gado cikin 1566. Karama mutum ne mai son yaƙi, Amina kuwa ta shiga rundunarsa, ta shekara goma tana fita tare da mahaya, tana samun ganima da suna. Sa'ad da ya rasu cikin 1576, barade sun riga sun san wadda ke kai su ga nasara. A lokacin tana da shekara 43 ko kusa da haka. Macen da ta iya jira tun tana 'yar 16 har ta wuce 40 ba tare da ta sake abin da ta sa gaba ba, lalle ba mai garaje ba ce.

SHEKARA 34 BISA DOKI

An ce wata uku kacal ta yi da karɓar mulki ta sa aka buga tambarin yaƙi, ta fita da mutum 20,000. Tun daga ranar nan zamanta a birni ya zama na baƙunta. Ta yi gabas da kudu zuwa ƙasar Kwararrafa, watau daular da ke kwarin kogin Binuwai wadda ake danganta ta da Jukunawa. Ta yi kudu da yamma zuwa Nufe. Baucin da Bello ya ambata kuwa ba garin Bauci na yau ba ne, domin shi Yakubu ne ya kafa shi cikin 1809. A da can Hausawa suna kiran duk ƙasar tuddai da ke kudu da su da sunan Bauci. Babban ruwan da ya ce mulkinta ya kai, masana da yawa suna ganin kogin Kwara ne, wajen inda ya haɗu da Binuwai a Lakwaja.

Dabararta ita ce duk inda ta ya da zango sai ta sa a kewaye wurin da ganuwa. A haƙa gwalalo mai zurfi, a tara ƙasar da aka haƙo ta zama bango, a bar ƙofofi kaɗan waɗanda 'yan mutane za su iya tsarewa. In runduna ta tashi, wurin ya zama mafakar manoma, masaukin fatake, kuma mazaunin wakilin da zai tara gandu. Haka sansani yakan zama gari. Shi ya sa har yau a wurare da yawa in aka ga tsohuwar ganuwa da ba a san wanda ya gina ba, sai a ce ganuwar Amina ce. Gaskiya kuwa ba ita ta ƙago ginin ganuwa ba, domin ta Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, tsakanin 1095 da 1134. Haka nan sulke da kwalkwali da waɗansu ke cewa ita ta kawo, Tarihin Kano ya ba Sarki Kanajeji wannan suna, shi kuwa ya riga ta ko da wane lissafi aka bi. Sunan babba yakan haɗiye aikin na baya da na gaba.

Goron da Sarkin Nufe ya aika mata, in aka ƙirga shi yadda 'yan goro ke ƙirgawa, ƙwarya ɗari ne. A yau ƙaramin ɗan kasuwa a Shagamu ba zai kira wannan kaya ba. Amma a zamanin da goro sai sarki da attajiri ke ganinsa, ƙwarya ɗari gaisuwa ce ta ƙasa guda. Nufe tana da nata goron na Laboji wanda ya yi suna wajen daɗi, kuma ta can hanya ke wucewa zuwa Gwanja, inda fataken Hausawa suka yi ta zuwa sarin goro shekaru aru-aru bayan Amina.

Sai dai kada a manta da sauran kayan gaisuwar. Babanni 40 ɗin nan mutane ne, 'ya'yan wasu, waɗanda aka kama aka nakasa domin tsaron gidan sarauta. Kowace ganuwa da ta tashi, hannun bayi da talakawan da aka ci da yaƙi ne ya tara ƙasarta. Arzikin Zazzau na wancan lokaci bisa kamun mutane yake, kuma jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan, maƙwabta ne a kasuwa da wurin aiki. Wanda zai yabi Amina da jaruntaka, ya kamata ya tuna da wannan ɓangaren.

HALINTA

In aka tattara abin da aka rubuta da abin da aka ji, hali uku ne suka fi fitowa fili. Na farko haƙuri da dogon lissafi, kamar yadda aka gani wajen ƙin aure da jiran sarauta. Na biyu rashin ƙoshi. Sarakuna da yawa sukan yi yaƙi shekara biyar ko goma, in ƙasa ta faɗaɗa su koma gida su ci gajiyar wahalarsu. Amina ba ta da ranar da ta ce ya isa. Katsina da Kano sun kawo gandu, Nufe ta aiko da gaisuwa, amma duk kogin da ta kai sai ta hangi hayinsa.

Na uku shi ne rashin yarda da kowa, kuma a nan ne labarin da ya fi kowane yawo ya shigo. An ce duk garin da ta ci, takan zaɓi namiji guda ya kwana a wurinta, da gari ya waye a kashe shi don kada ya ba da labari. Bello bai kawo wannan magana ba, Tarihin Kano ma bai kawo ta ba, a bakin mutane take. Mai yiyuwa ne abokan gaba suka ƙaga, ko kuwa mazan baya waɗanda abin ya dame su a ce mace ta mallaki kakanninsu. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa ya tara mata dubu a gidansa, ba wanda ya mai da wannan abin tsoratar da yara. Amma ko da ƙage ne, labarin ya nuna irin tarkon da take ciki. Duk namijin da ya kusance ta zai iya tashi gobe ya ce shi ne mai gida, ɗan da ta haifa kuma dangin ubansa za su yi da'awar ƙasa da shi. Sarki namiji yana iya haɗa mulki da iyali ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba. Ita kuwa ba a bar mata wannan hanya ba.

ITA DA MATAR MAKBET

Waɗanda suka yi sakandare za su tuna da wasan kwaikwayon nan na Shekisfiya mai suna Makbet, wanda aka rubuta a Ingila wajen 1606, watau Amina tana da sauran 'yan shekaru a duniya in an bi lissafin Zazzau. A cikinsa akwai matar da Turawa ke buga misali da ita wajen buri. Mijinta babban jarumi ne a ƙasar Sikotlan, aka yi masa bushara zai zama sarki. Da ta ji, sai ta shiga zuga shi ya kashe Sarki Dankan wanda ya sauka gidansu baƙunta. Da ya yi sanyi ta gorata masa rashin mazakuta har ya aikata, da ya ruɗe kuma ita ta ɗauki wuƙaƙen ta mayar, ta shafa wa masu gadi jini. Sun sami sarautar, amma barci ya ƙaurace mata. Ta koma yawo cikin dare tana wanke hannu daga jinin da ba mai ganinsa sai ita, har ta mutu, mijin kuma aka kashe shi, sarauta ta koma ga ɗan Dankan.

Matan nan biyu sun yi kama wajen ƙarfin zuciya, da ganin cewa taushin da aka san mata da shi zai hana su abin da suke so. Dukansu kuma ba su bar ɗan da ya gaje su ba. Amma akwai bambanci babba. Matar Makbet ba ta da hanyar mulki sai ta hannun miji, saboda haka makaminta harshe ne, aikinta kuma cin amanar baƙo ne cikin dare. Amina ba ta tura kowa ba, ita ta hau doki da rana tsaka, kuma ba a ji a labari ta kashe ɗan'uwanta don ta gaje shi ba, ta jira har ajalinsa ya zo. Ita waccan nadama ce ta kashe ta. Amina ba a ba da labarin ta yi nadama ba. Abin da ya ci ta shi ne hanyar da ta ɗauka ba ta da wurin juyowa.

Akwai kuma wata mace a nan kusa wadda ta bi wata hanyar dabam. Labarin baka na Barno ya ce kafin Mai Idrisu Alauma ya hau gado, wata mace mai suna Aisa Kili ce ta riƙe sarauta a Birnin Gazargamu na 'yan shekaru, da lokaci ya yi ta miƙa masa. Idrisu ya zama sarkin da ya fi kowa suna a tarihin Barno. Ya kuma yi dace da limaminsa Ahmadu ɗan Furtuwa, wanda ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa cikin 1576, yana raye yana gani. Amina ba ta sami wanda za ta miƙa wa ba, ba ta kuma sami malamin da zai rubuta nata ba. Shi ya sa ake sanin garuruwan da Idrisu ya yaƙa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa har ƙarnin da ta rayu ana gardama a kansa.

MUTUWA A ATAGARA

Atagara inda Bello ya ce ta rasu, masana da yawa suna ganin kusa da Idah take, a ƙasar Igala, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Daga Zariya zuwa can tafiyar makonni ce ga runduna mai dawaki da 'yan ƙasa, ga koguna, ga kurmi inda ƙudan tsando ke kashe doki. In lissafin littattafan makaranta daidai ne, ta kusa shekara 77 a lokacin, shekarun da tsararrakinta ke zaune a tsakar gida jikoki na kewaye da su. Ba a ji a labari an komo da gawarta Zazzau ba.

Abin da ta tara da takobi bai daɗe a hannun Zazzau ba. Gandu irin wannan tsoro ne ke kawo shi, in wanda ake tsoro ya kau, sai kowa ya riƙe kayansa. Kwararrafa da aka ce ta ci, ita ce ta dawo ta addabi ƙasar Hausa, ta auka wa birnin Kano cikin 1653, ta sake komowa cikin 1671. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, Zazzau da ake kawo wa gandu ita ce ke aika gaisuwa Barno. Da jihadin da aka fara cikin 1804 ya iso, Malam Musa ya karɓi Zariya, Sarki Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828, wanda yau ake kira Suleja. Can ne zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau suka ci gaba da sarautarsu.

ABIN DA YA RAGE

Sunanta dai bai mutu ba. Cikin 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin mata, Nijeriya ta buga kan sarki mai ɗauke da surarta. An taɓa kafa gunkinta bisa doki a gaban babban gidan wasanni na ƙasa da ke Iganmu a Ikko. Akwai makarantar 'yan mata mai sunanta a Kakuri ta Kaduna, da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ikko. Cikin 2021 kuma aka fito da fim a kan rayuwarta, wanda Izu Ojukwu ya shirya. Iyaye da yawa da ke shakkar sa 'ya'yansu mata makaranta, an sha ba su misali da ita.

Amma abin da ya fi daɗewa cikin aikinta shi ne hanyar da ta buɗe zuwa kudu. Sojojinta sun watse, fatake suka ci gaba da bi. Da aka fara shuka goro mai yawa a ƙasar Yarabawa farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa kuma ya isa Kano cikin 1911, sai cinikin ya juyo daga Gwanja zuwa Agege da Shagamu da Badun, inda aka kafa unguwar Sabo cikin 1916. Cikin 1964 dogo ya kai Maiduguri. Goron da a da sarki ke aika wa sarauniya, yau almajiri ma yana samun ɓarinsa a ƙofar gidan biki a Gwange.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mutane da yawa sun sauka Kurmi da niyyar shekara biyu ko uku, su tara jari su koma. Shekara ta bi shekara, kullum akwai sauran kaya ɗaya da za a ɗaure, har furfura ta fito, yaran da aka bari a gida suka girma ba su san fuskar uba ba. Amina ta fi kowane falke ƙarfi da dabara, ta kewaye garuruwan wasu da ganuwa ba iyaka, amma ba ta tanadi ranar komawa ba, ba ta kuma shirya wanda zai riƙe abin da ta tara ba. Mai nema ya nema da ƙarfinsa kamar yadda ta yi, sai dai ya yanka wa kansa ranar da zai ce ya isa, ya kuma san hannun da zai bar wa kayan.